Zaitunin da Ya Tsallake Ruwa

Da hantsi aka mayar da sukarin.

Ijja tana dawowa daga gona da damin ciyawa a bayanta ta hango mahaifinta a ƙofar gida da kwando a hannu. Ta gane kwandon, ta gane farin ƙyallen da aka rufe shi da shi. Curin sukarin nan ne da mahaifiyar saurayinta Idder ta kawo ranar da aka zo neman aurenta. Mahaifin nata, Dadda Hemmu, ya miƙa wa maƙwabcinsa, ya ce a kai gidan su Idder, a ce ya gode.

A kwarinmu wannan ba ya buƙatar tafinta. In an fasa sukari an sa a shayi, an ba da mace. In ya koma inda ya fito, magana ta mutu, kowa ya kama gabansa.

Ta yar da damin a nan bakin hanya. Ta same shi a zaure ya zauna yana gyaran ƙotar fartanya kamar bai yi komai ba.

"Baba, me na yi maka?"

"Ke ba ki yi mini komai ba."

"To shi me ya yi?"

Sai da ya gama buga ƙotar a ƙasa sannan ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"Ya ɗauke mini zaituni."

"Zaituni yana nan, Baba. Yanzu na wuce ta gindinsa."

"A gona yana nan. A bakin mutane ya tashi." Ya ajiye fartanyar. "Jiya na shiga gidan shayin Lhaj Mbarek a kasuwa. Na tarar an rataye zanen saurayinki a bango, faɗinsa ya kai ƙofa. Kwarin nan ne kaf. Ga dutse, ga dabinai, ga magudanar ruwa. Ga zaitunina, na gane shi da karkatarsa. Amma a tsallaken ruwa yake tsaye, Ijja, a cikin gonar Lhaj."

Babu ɗan kwarin nan da bai san rigimar itacen ba. Magudanar ruwa ce iyaka tsakanin gonar Dadda Hemmu da ta Lhaj Mbarek, tsohon zaitunin kuwa yana gefen Dadda Hemmu. Su Lhaj tun kakanninsu suke cewa ambaliya ce ta taɓa karkatar da ruwan, asali itacen nasu ne. Ba su taɓa samun mai shaida ba. Duk kaka sai a tayar da maganar, a yi cacar baki, a watse, Dadda Hemmu ya kaɗe 'ya'yan itacen ya kai wurin matsar mai.

"Baba, ai zane ne kawai."

"Da ɗan wani ne ya yi, zane ne. Wannan ɗan marigayi Bihi ne, mai rabon ruwa. Duk iyakar da ke kwarin nan a kan ubansa take. Yanzu Lhaj yana nuna wa duk wanda ya shigo shan shayi, yana cewa Bihi ya faɗa wa ɗansa gaskiya kafin ya mutu, ɗan kuma ya kasa ɓoyewa."

Hawaye suka zubo mata. Ta durƙusa a gabansa.

"Ka kira shi ka tambaye shi. Wallahi bai yi da nufi ba. Idder ba ya tuna ko ya ci abinci in yana aiki, balle rigimar gona."

"Ba sai na kira shi ba, da ƙafarsa ya zo. A gaban jama'a ya rantse shi ya matsar da itacen don zanen ya yi kyau. Kin san abin da Lhaj ya ce? Ya ce mai neman 'yar mutum ai dole ya lashe shaidarsa. Aka yi ta dariya. Ni ake wa dariya, Ijja, da furfurata."

"Baba, na jira shi shekara da shekaru. Kai da kanka ka ce ka yarda."

"Na ce. Na kuma janye." Ya kawar da kai, don yana son 'yar nan tasa fiye da yadda yake iya faɗa. "Ba zan ɗaura miki wanda ba kya so ba, kin wuce nan. Amma shi wancan, ba da yawuna ba."

Ya miƙe ya saɓa fartanya. Har ya kai ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Laraba dattawa za su zauna a gidan shayin. Lhaj ya ce ya kawo hanyar sulhu."

"Wace hanya?"

"Yana da ɗa, ina da 'ya."

*

Ɗan ai bai jira Laraba ba. Washegari Ijja na kan hanyar zuwa wurin matsar mai, inda take aiki da matan ƙauye, sai ga farar mota ta rage gudu a gefenta. Tayyeb ne, ɗan Lhaj, mai kantuna a Kasablanka. Mazan kwarinmu yawanci haka suke, su tafi arewa su buɗe kanti, su dawo da tumbi da mota, su gina gidan da ba za su kwana a ciki ba sai wata ɗaya a shekara. Tayyeb ya fi kowa iya wannan rawar. Ya sauke gilashi, ƙamshin turarensa ya riga maganarsa fitowa.

"'Yar Dadda Hemmu, rana ta yi zafi. Shigo in rage miki hanya."

"Na gode, Si Tayyeb. Ƙafata ba ta kawo ƙara ba."

"Za ta huta dai nan gaba. A Kasablanka har burodi kawo miki za a riƙa yi." Ya yi murmushi. "Na ji an mayar wa mai fenti kayansa. Ni fa ina son aikinsa, shi ya sa na tura aka saya mini a wajen baje kolin bikin furanni. Bai ma san ni ne mai saye ba. Ya dawo yana roƙo in mayar masa, na ce a'a, abu mai kyau ba a rabuwa da shi."

"Allah Ya bar ka da shi, tunda shi ka samu."

Ta ja mayafinta ta wuce. Sai da motar ta ɓace ta bari kukan ya fito. Ba ta je wurin aiki ba, ta karkata gidan Lalla Mammas, yayar mahaifinta, tsohuwar da ta binne miji biyu kuma babu wanda ta taɓa jin tsoro a cikinsu.

Lalla Mammas ta saurare ta tana fasa ƙwallon argan, irin wanda ake matsar mai da shi, da dutse, ba ta ko ɗago ba.

"Kin gama?"

"Na gama, Lalla."

"To share hancinki. Ke kin ga zanen?"

"Ina zan gan shi? A gidan shayi yake, cikin maza."

"Wato ana shirin kashe miki aure a kan abin da ba ki ko gani ba, ke kuma kin zauna kina jiƙa mini tabarma." Ta kakkaɓe zaninta ta jawo sanda. "Tashi. Gobe da sassafe ki kai ni inda ɗan banzan nan yake tsayawa."

*

A kan tudun da ke bayan maƙabarta suka same shi, inda yake kafa katakon zanensa tun bayan sallar asuba. Idder dogo ne siriri, ƙarƙashin farcensa ba ya rabuwa da launi. Shi ma ya je arewa kamar kowa, amma maimakon kanti sai ya dawo da buroshi. Yakan ɗebi jar ƙasar dutsenmu ya niƙa ya kwaɓa da mai, wai fentin kanti ba ya fitar da jan dutsen yadda yake da safe. An yi masa dariya har aka gaji. Da aka fara zuwa daga Agadir da ƙasashen waje ana ɗaukar zanensa, sai masu dariyar suka koma cewa tun yana yaro suka ga alama.

Yau ƙyallen da ke kan katakon fari ne fat, bai ɗiga masa komai ba. Ya rame.

Ya gaida Lalla Mammas, ya sumbaci hannunta. Ta nemi dutse ta zauna ta juya musu rabin baya.

"Ni kurma ce yau. Ku yi sauri kafin kunnena ya buɗe."

Ijja ta yi niyyar ta yi magana a hankali, amma da ta ga fuskarsa sai komai ya kwance.

"Me ya kai ka, Idder? Itatuwa sun cika kwarin nan, ka rasa wanda za ka taɓa sai na Baba?"

"Ban tuna ba, Ijja. Wallahi rigimar ba ta zo mini a rai ba."

"A garin aka haife ka."

"Na sani." Ya sunkuyar da kai. "In na tsaya a nan ba na ganin gonar wane da ta wane. Haske nake gani da inuwa. Ba a zana wuri yadda yake tsaf, wannan aikin mai ɗaukar hoto ne. Dole a ba ido hanyar da zai bi ya shiga, ya sami inda zai huta. In abu ya tare hanya sai a gusar da shi."

"To me ya tare maka?"

Ya kama goge buroshin da ba shi da datti.

"Ya dai tare."

"Ka ji ko? Ya dai tare." Hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. "Na ƙi mutum nawa saboda kai? Ƙawayena suna goyon na uku ina nan ana nuna ni da baki, ina cewa ku bari, nawa yana zuwa. Ranar da aka kawo sukarin nan ban iya cin abinci ba don murna. Ashe kai ka riga ka sayar da ni don ido ya sami hanya."

"Kada ki ce haka." Shi ma idonsa ya cika. "Na je wurin Tayyeb na roƙe shi. Na ce wa Dadda Hemmu zan sake wani in mayar da itacen inda yake, ya ce ba ya son shaidar da ke canza riga. Jiya na yanke shawara. Zan ƙone katakon nan. Ɗan kawuna yana neman mai tsaron kanti a arewa. In na zama mutum kamar kowa, wataƙila mahaifinki ya dube ni."

"In mai kanti nake so ai ga Tayyeb nan da mota." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ka ƙone shi ka gani, ko an sake kawo sukarin ni ce zan mayar da shi da hannuna."

Lalla Mammas ta buga sanda a ƙasa.

"Kunnena ya buɗe. Kai, ba ka da ɗan'uwan zanen nan ne? Mu ga abin da ya kashe aure."

Yana da shi. Kafin ya yi babba yakan fara gwadawa a ɗan allo da bai wuce faɗin tire ba. Ya ciro shi daga jaka ya miƙa wa Ijja.

Ta riƙe shi da hannu biyu. Duk da ɓacin ranta sai da ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, don kwarin ya fi kyau a hannunsa. Ta dubi allon, ta ɗaga kai ta dubi kwarin. Ga dutse, ga dutse. Ga dabinai, ga dabinai. Ga masallaci. Ta sake duban allon, ta sake ɗagowa, sai ta tsaya cak.

A tsakiyar kwarin, inda ko makaho zai yi karo da shi, ga gidan Lhaj Mbarek, hawa uku, an shafe shi da ruwan hoda, da tankin ruwa a ka. A allon babu shi.

"Idder, ina gidan Lhaj?"

"Na cire shi."

"Don me?"

"Muni gare shi," ya faɗa da iyakar gaskiyarsa. "Na mayar da abin da ke wurin da."

"A babban ma haka ka yi?"

"Haka."

Ijja ta ƙura wa wurin ido. Da'ira ce ta shimfiɗaɗɗun duwatsu, da turke a tsakiya. Ta miƙa wa Lalla Mammas. Tsohuwar ta kai shi dab da hancinta, ta daɗe tana kallo, sannan kafaɗunta suka fara rawa don dariya.

"Yarinya," ta ce, "ranar Laraba ki sa mayafinki mai kyau."

*

Ranar Laraba gidan shayin ya cika har waje. An jera wa dattawa kujeru a ƙarƙashin rumfa, Dadda Bella, babbansu, yana tsakiya da tabarau a hanci. Lhaj Mbarek ya sha farar jallabiya da takalmi rawaya, yana zuba shayi daga sama da hannunsa don a ga karamci. Tayyeb na tsaye a bayansa yana wasa da makullin mota. Dadda Hemmu ya zauna a gefe, kofinsa ya huce bai taɓa ba. Idder kuwa yana can ƙarshen taro, ya jingina da bango, babu mai kula shi.

Lhaj ya gama jawabinsa kenan, cewa shi ba mai son rigima ba ne, in gida biyu suka zama ɗaya ai itace ya zama na jikoki, sai aka ji ƙarar sanda a kan dutse. Mutane suka dare. Lalla Mammas ce, Ijja na biye da ita cikin baƙin mayafi mai jan baki.

"Lalla, zaman maza ne," in ji Tayyeb.

"Rabin mazan nan ni na yanke musu cibiya, har da kai. Matsa."

Dadda Hemmu ya miƙe. "Ijja, me ya kawo ki nan?"

"Zauna, Hemmu," in ji yayarsa. Ya zauna, don tun yana yaro bai taɓa cin nasara a kanta ba.

Ijja ta matso gaba. Ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta fuskanci Dadda Bella.

"Dadda, an ce a kaina za a yi sulhu. Ina roƙon a fito da shaidar in gan ta ko sau ɗaya."

"Ba ta faɗi laifi ba," in ji tsohon. "A fito da shi."

Mutum biyu suka ɗauko zanen suka jingina shi da ginshiƙin rumfa. Rana ta sauka a kansa, jan dutsen ya kama kamar yanzu gari ya waye. Har masu sayar da kayan miya suka bar tumatirinsu suka matso.

"Lhaj," ta ce a ladabce, "ni mace ce, ban san shari'a ba. Wannan zanen ka karɓe shi a matsayin shaida?"

"Na karɓa, 'yata."

"Duk abin da ke cikinsa, ko wanda ya yi maka daɗi?"

Lhaj ya yi dariya ya dubi jama'a. "Ku ji 'yar Hemmu. Duka, 'yata, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɗan Bihi ba zai zana ƙarya ba. Abin da ya sa a nan, haka ƙasar take tun asali. Dattawa ku shaida."

"Mun shaida," in ji Dadda Bella.

"To Lhaj, nuna mini gidanka."

Ya ɗaga yatsa da sauri ya nufi tsakiyar zanen. Yatsan ya tsaya a iska. Ya gusa dama, ya gusa hagu, ya dawo.

Abin mamaki, zanen ya kwana da kwanaki a bango, ɗaruruwan mutane sun kalle shi, babu wanda ya lura. Kowa itacen yake zuwa gani. Kuma abin da ke wurin gidan abu ne da idonsu ya saba da shi tun suna yara, shi ya sa bai yi musu baƙo ba, har shi Lhaj ɗin.

Dadda Bella ya gyara tabarau ya sunkuya.

"Wannan ai masussukar gari ce."

Masussukar jama'a ce, inda kowane gida yake kai sha'irinsa a sa jakuna su tattake. A shekarun fari, da aka daina noma sosai maza suka watse arewa, Lhaj ya zuba bulo a kanta. An yi gunaguni a ɗaki, amma wa zai yi faɗa da mai ba shi shayi kyauta?

"Ga turken nan," wani tsoho ya ce daga baya. "A nan jakina ya taɓa karya ƙafa."

"Tunda haka ƙasar take tun asali," in ji wani, "yaushe za a kwashe mana bulon? Bana an yi ruwa."

Dariya ta fara daga baya tana tahowa gaba. Lhaj ya goge goshi da hannun jallabiya. Tayyeb ya sa makullinsa a aljihu.

"Haba jama'a," in ji Lhaj, "wannan ai zane ne. Yaro ya zauna da fenti ya yi abin da ya ga dama, sai a rushe wa mutum gida?"

"Ban ji ba, Lhaj," in ji Lalla Mammas tana kama kunne. "Na tsufa."

"Na ce zane ne kawai. Ba shaida ba ne."

"Har itacen?" Ijja ta tambaya.

Ya dubi gidansa da ke leƙowa can ta saman dabinai.

"Har itacen."

"Mun shaida wannan ma," in ji Dadda Bella, yana ƙoƙarin haɗe fuska. "Zaituni na Hemmu ne. Kada in sake jin maganar nan ko a kaka ko a bazara."

Wata mata daga cikin masu sayar da ƙwai ta rangaɗa guɗa. Ijja ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ka. Murna ta cika ta, amma ba ta saki jiki ba, don itace aka ci, ba aure ba. Ta saci kallon mahaifinta.

Dadda Hemmu bai yi dariya ba. Ya ɗauki shayinsa mai sanyi ya shanye, ya ajiye kofin.

"Ɗan Bihi, zo nan."

Idder ya ratso mutane ya durƙusa a gabansa.

"Gidan Lhaj ka cire shi don me?"

"Don muninsa, Dadda."

Aka sake fashewa. Gefen bakin Dadda Hemmu ya motsa, ya danne.

"Wannan na gane. To itacena ba shi da muni. Babu mai kyansa a kwarin nan. Ka ce mini ya tare hanya, ka ce mini don ido ya huta, duk na ji, ban gamsu ba. Yau a gaban dattawa ina son gaskiya. Me ya tare maka?"

Idder ya sunkuyar da kai. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Dadda, da kunya."

"Kunyar da ka ba ni ta fi wannan. Faɗi."

Idder ya miƙe ya je gaban zanen, ya ɗora ɗan yatsa a gefen ruwa, daidai inda itacen ya kamata ya tsaya, ya kawar da kai.

Dadda Hemmu ya karɓi tabaran Dadda Bella ya maƙala, ya sunkuya har gemunsa na taɓa ƙyallen. A gurbin da itacen ya bari, can nesa, ga wani ɗan gida na jar ƙasa mai shuɗiyar ƙofa. Ya san ƙofar, shi ya shafa mata shuɗin. A saman soron ga wani ɗigo baƙi, da ɗan layin ja a bakinsa.

Ya daɗe a sunkuye.

"Daga kan tudu itacen yana rufe soronku," in ji Idder, murya ƙasa ƙasa. "Da safe takan hau shanya. Ni kuma ba na iya zana kwarin nan babu ita a ciki. Na gwada, ba ya yiwuwa."

Dadda Hemmu ya miƙe a hankali. Ya cire tabarau ya mayar wa mai shi. Ya dubi Idder sama da ƙasa, ya dubi 'yarsa da ta ja mayafi ta rufe fuska, ya dubi jama'a.

"Wato itacen da kakan kakana ya shuka, wanda ambaliya ta kasa, Lhaj da ubansa suka kasa, kai ka tumɓuke shi da buroshi don ka leƙa mini 'ya."

"Na tuba, Dadda."

"Ba ka tuba ba, ƙarya kake." Ya yi gyaran murya ya juya. "Dadda Bella, ɗaga hannu a yi Fatiha. A ba shi ita ya kai gidansa ya yi ta kallo, tun bai matsar mana da dutsen ba."

Hannaye suka tashi ko'ina, har na masu tumatir. Lhaj ma ya ɗaga nasa, don ba shi da yadda zai yi. Lalla Mammas ta mintsini Ijja a hannu.

"Rufe bakin, ana hango haƙoranki ta cikin mayafi."

Ijja ba ta iya rufewa ba. Dariya take, kuka take, daɗi ya yi mata yawa har ba ta san wanne za ta bari ba. Ana cikin addu'a ta ɗan ɗaga gefen mayafin ta dubi inda yatsansa ya nuna. Ta ga kanta, ba ta fi ƙwayar sha'ir ba, tsaye a saman soro. Ba shanya take yi ba. Ta sa hannu a goshi tana kare rana, fuskarta na kallon tudu.

Duk safiyoyin nan da take hawa tana leƙensa ta tsakanin rassa, tana cewa ba ya ganinta, ashe ya sani.